Tambaya da Amsa: Abin da Ke Ƙona Gilashin Injin Leza, da Rufin da Ke Kare Shi

Injinan leza sun yawaita a shagunan masu yin alluna da masu yankan ƙarfe, kuma tambayoyin da suka fi zuwa mana a kansu duk suna komawa ga abu guda, wato lalacewar gilasai da madubin da haske ke bi ta kansu. Mun zaɓi wasu mun amsa.

Assalamu alaikum. Ina da inji mai iskar CO2, wat 80, ina yanka akirilik da katakon MDF. Lens ɗin da ke kan injin, mai launin ruwan ɗorawa, yakan yi baƙin ɗigo a tsakiya bayan 'yan makonni, na baya-bayan nan ma tsagewa ya yi. Jabu ake sayar mini ko kuwa? — Mai yin alluna, Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Akwai jabu a kasuwa, amma yadda ka siffanta lalacewar ya fi kama da aikin datti.

Lens ɗinka, wato gilashin da ke tattara hasken leza wuri guda, an yi shi ne da sinadarin zinc selenide, domin gilashi irin na taga ba ya barin hasken CO2 ya wuce, shanye shi yake yi. Tsawon zangon wannan haske, wato nisan da ke tsakanin tudu biyu na igiyarsa, maikromita 10.6 ne (maikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). To amma zinc selenide yana da nasa aibin: idan aka bar fuskarsa tsirara, tana mayar da kusan kashi 17 cikin 100 na hasken baya. Fuska biyu gare shi, don haka daga wat 80 ɗinka kusan wat 25 ba za su isa kan katako ba. Shi ya sa ake yi wa fuskokin biyu wani siririn rufi wanda ke sauko da wannan asara zuwa ƙasa da rabin kashi ɗaya a kowace fuska. Idan ka karkata sabon lens a gaban fitila za ka ga wani ƙyalli mai launi a samansa, rufin ke nan.

Rufin ba ya tare zafi kamar garkuwa. Kariyarsa ita ce barin haske ya wuce ba tare da ya tsaya ba, domin hasken da ya wuce ba ya ƙona lens, wanda aka shanye shi ke zama zafi. Da zarar hayaƙin gam ɗin MDF ko tururin akirilik ya kwanta a kan rufin, wurin ya fara shan haske. Ɗigon datti ɗaya a tsakiyar lens kamar garwashi ne a kan tabarma: ya yi zafi, ya gasa rufin da ke ƙarƙashinsa, wurin da ya gasu ya ƙara baƙi, ya ƙara shan haske, haka har rufin ya ɓare. Tsakiya ta yi zafi gefe na da sanyi, sai lens ya tsage.

Kafin a kai nan akwai alama. Da safe injin yana yanka tas, bayan minti goma ko ashirin sai yankan ya fara faɗi, ya kasa huda katakon da ya saba hudawa. Lens ne ya yi zafi ya canza yadda yake lanƙwasa haske, wurin da hasken ke taruwa ya matso sama. Mutane da yawa a nan suke ƙara wuta, wanda shi ne ke ƙarasa lens ɗin. Abin yi shi ne a kashe inji a ciro shi a duba.

Duba iskar da ke hurawa ta bakin injin. Aikinta na farko shi ne hana hayaƙi hawa zuwa lens. Idan famfon ya yi rauni, ko tiyo ya lanƙwashe, hayaƙi zai hau. Idan kuma kwamfuresa mai amfani da mai kake haɗawa ba tare da matatar ruwa da mai ba, to kai da kanka kake fesa wa lens mai. Kada ka taɓa yanka robar PVC: hayaƙinta yana ɗauke da iskar asid mai cin rufi da ƙarafan inji, ga illa ga huhu.

Wajen gogewa kuwa, ga tsarin da ya dace. Sa safar hannu ta roba marar hoda, ka riƙe lens ta gefe. Fara da hure ƙura da 'yar robar hura iska irin ta masu kyamara, ba da baki ba, domin yawu na barin tabo mai wuyar fita. Wannan mataki ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, saboda ƙurar hazo cike take da ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi lens da rufinsa tauri nesa ba kusa ba, in ka goga da su a kai ka karce shi ke nan. Sai ka ajiye lens a kan takardar goge lens mai tsabta, ka shimfiɗa wata a samansa, ka ɗiga asiton mai tsabta ko isopropil mai ƙarfin kashi 99, ɗigo ɗaya ko biyu, ka ja takardar a hankali zuwa gefe guda har ta bar lens ɗin a bushe. Kowane ja da sabuwar takarda. Kada ka danna. Sifirit na kemis da isopropil mai kashi 70 ba su dace ba, ruwan da ke cikinsu na barin shati. Gefen riga da tishu na bayi su ma a'a. In ka mayar da shi, ɓangaren da ya yi tudu ya kalli sama, kuma kada ka ɗaure zoben da ƙarfi, ya tsaya ba ya girgiza ya isa. Tabon da bai fita ba bayan gogewa biyu ko uku ya riga ya ci rufin, canji kawai.

Ni ɗaliba ce a fannin fiziks. Ta yaya abin da bai kai kaurin gashi ba zai hana haske komawa baya, ko ya mayar da gilashi madubi? — Ɗaliba, Zariya

Malama, sirrin yana cikin kauri. Haske igiya ne. Idan ya faɗa kan gilashi mai rufi, wani ɓangare yana dawowa daga saman rufin, wani daga inda rufin ya haɗu da gilashi. Idan aka sa kaurin rufin ya zama rubu'in tsawon zangon hasken a cikin sinadarin, na biyun zai yi tafiyar rabin zango fiye da na farko, tudun wannan ya faɗa kan kwarin wancan, su kashe juna. Alexander Smakula ne ya samar da wannan dabara a kamfanin Zeiss da ke Jena ta Jamus a 1935, tun kafin a ƙirƙiro leza a 1960. Gilashi tsirara na mayar da kusan kashi 4 cikin 100 a kowace fuska. Hawa ɗaya, wato shimfiɗar rufi guda, na magnesium fluoride mai kaurin kusan nanomita 100 (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikromita) yana sauko da shi zuwa wajen kashi 1.3 a hasken da ido ke gani. Da hawa biyu da aka lissafa wa zango guda ana kusantar sifili.

Madubi kuma juya dabarar ake yi. Ana jera sinadarai biyu bi da bi, ɗaya mai lanƙwasa haske sosai, ɗaya kaɗan, yadda duk igiyoyin da ke dawowa za su haɗu su ƙarfafa juna. Ga leza mai zangon nanomita 1064, hawan silika, sinadarin farin yashi mai lanƙwasa haske kaɗan, yana da kaurin kusan nanomita 183, na hafniya, haɗin ƙarfen hafniyom da oksijin mai lanƙwasa haske sosai, kusan 136. Hawa 25 sun isa su mayar da fiye da kashi 99.5, kuma dukansu ba su wuce maikromita 4 ba, alhali gashin kai kan kai wajen 70.

Za ki iya tambaya, me ya sa hafniya, bayan ga titaniya da ta fi lanƙwasa haske, da hawa kaɗan za a gama? Dalilin shi ne ƙarfin da ake bukata kafin a ɓalle lantarkin da ke cikin sinadarin. Da ilektiron-bolt ake auna wannan ƙarfi: a silika kusan 9 ne, a hafniya wajen 5.5, a tantala wajen 4, a titaniya kaɗan ya haura 3. Wanda nasa ya fi girma ya fi jure harbi mai ƙarfi. Masu tsara rufi suna ƙara dabaru biyu. Ɗaya, suna ɗan sauya kaurin hawayen sama yadda inda ƙarfin hasken ya fi taruwa zai faɗa cikin silika, ba kan mahaɗar hawa biyu ba, domin mahaɗa ita ce wuri mafi rauni. Biyu, suna ɗora silika mai kaurin rabin zango a can sama, wajen nanomita 367. A wannan kauri ba ta canza yawan hasken da madubin ke mayarwa, amma tana danne hawayen ƙasa, tana rage ɓarewarsu idan lahani ya fara.

Madubin silikon mai ruwan zinare da na molibdenum, wanne ya fi? — Mai gyaran injina, Maradi

Ya danganta da shagon. Na silikon mai rufi yana mayar da fiye da kashi 99, amma rufinsa ba ya son yawan guga. Na molibdenum ƙarfe ne da aka goge, babu rufin da zai ɓare, yana mayar da wajen kashi 98. Injin CO2 yana da madubi uku, don haka da molibdenum za a yi asarar kusan kashi 6 na wuta. A shago mai ƙura da hayaƙi, inda kullum sai an goge, mu molibdenum muka fi ba da shawara. Gane su ba wuya: molibdenum ya ninka silikon nauyi fiye da sau huɗu.

Muna yanka ƙarfe da injin faiba mai kilowat 3. Gilashin kariya na ƙasa yana ƙonewa kusan kullum. Wani ya ce mu sa mai yankan gilashi ya yanko mana irinsa da araha. — Injiniya, Kaduna

Injiniya, kada ku kuskura. Wannan faifai, wato gilashin kariyar, silika ce tsantsa, an goge fuskokinta daidai wa daida, an yi musu rufin zangon nanomita 1070 ko kusa da haka. Ko silikar ce babu rufi, kowace fuska za ta mayar da kashi 3.4, wato kusan wat 100, fuska biyu wat 200 suna yawo a cikin kan injin. Gilashin taga kuwa yana ɗauke da ƙarfe a jikinsa wanda ke shan wannan haske, zai fashe nan take, ɓarɓashinsa ya hau kan lens ɗin da ke sama, wanda kuɗinsa ya ninka na faifan sau da yawa. An yi faifan ne don ya mutu a madadin lens, amma mutuwar kullum alama ce ta matsala.

Ku kalli fuskar da ta ƙone. Idan ta ƙasa ce, mai kallon ƙarfe, kuma ɗige-ɗige ne baƙaƙe, to tartsatsin huda ne. Ku ɗaga bakin injin sama lokacin huda, ku huda mataki-mataki da harbi gajeru maimakon cikakkiyar wuta lokaci guda, kuma ku tabbata iskar ta fara fita kafin haske ya kunna. Ku gwada ko hasken yana tsakiyar baki: ku manna salatif a bakin, ku yi harbi ɗaya mai rauni, ramin ya kamata ya fito a tsakiyar da'irar. Idan hazo ne mai maiƙo a fuskar, iskar ce ba ta da tsabta, musamman ga masu yanka da iskar kwamfuresa, sai an sa na'urar busar da iska da matatu an kuma riƙa canza su. Idan kuwa fuskar sama ce ta ƙone, ƙura ta shiga, ko dai lokacin canji ko ta zoben robar da ke toshe aljihun faifan, wanda yakan mutu ba a lura ba.

Wajen canji, a kashe fanka, a goge wajen kan injin tukuna, a zaro aljihun, nan take a rufe ramin da salatif. A duba sabon faifan da tocila ta gefe a kan baƙin abu kafin a sa. A saya daidai girman da aka rubuta, kamar milimita 27.9 da kauri 4.1, ko 37 da kauri 7, domin wanda bai kai kauri ba ba zai jure matsin iska ba. A duba kuma yawan wutar da aka yi shi dominta, faifan kilowat 1.5 ba na kilowat 6 ba ne ko da girmansu ɗaya.

Rufin lens ɗina ya fara ɓarewa. Akwai feshin da zan saya in sabunta shi? — Mai karatu, Kumasi

Babu. Ana yin rufin ne a cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, ana auna kauri da nanomita. Duk abin da ka fesa zai sha haske ya ƙone.

Za mu sayo madubai don leza mai harbi a ɗakin gwajinmu. Takardar kamfani ta ce suna jure jul 10 a kowane santimita murabba'i. Namu harbin milijul 100 ne kacal. Ke nan babu damuwa? — Ma'aikacin ɗakin gwaji, Yamai

Malam, lissafin bai ƙare a nan ba. Wannan lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi zangon haske, tsawon harbi, faɗin haske da yawan harbin da aka gwada da su. Ƙa'idar duniya ta wannan gwaji ita ce ISO 21254. A cikinta akwai gwajin harbi ɗaya a kowane wuri, akwai na harbi masu yawa a wuri guda. Na biyun yakan ba da lamba ƙarama, domin rufi yana gajiya, kuma shi ne ya yi kama da aikinku.

Mu lissafa. Idan faɗin haskenku milimita 5 ne, filinsa kusan santimita murabba'i 0.2 ne, milijul 100, wato jul 0.1, a kai ya zama jul 0.5 a kowane santimita murabba'i. Hasken leza yawanci ya fi ƙarfi a tsakiya, kusan ninki biyu na matsakaici, sai mu ce jul 1. Lafiya lau. Amma idan madubin yana inda hasken ya matse zuwa milimita 1, filin ya ragu sau 25, tsakiyar ta kai jul 25, madubin ya tafi a harbin farko.

Tsawon harbi ma haka. A tsakanin harbi masu tsawon nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, juriyar tana tafiya kusan da tushen murabba'in tsawon harbin. Jul 10 a nanosakan 10 ya koma wajen jul 3.2 a nanosakan 1. Wannan kimantawa ce, kuma ba ta aiki ga harbi masu gajarta ƙasa da wajen pikosakan 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na nanosakan. Sannan lambar da aka auna a nanomita 1064 ba ta 532 ko 355 ba ce, gajeren zango ya fi ɓarna. Madubin da aka tsara don kusurwar digiri 45 kada a sa shi haske na faɗa masa kai tsaye. Shawararmu ita ce ku zauna ƙasa da rabin lambar bayan duk wannan gyara, kuma kamfanin da ya ƙi faɗa muku yanayin gwajinsa ku bar kayansa.

Abu guda da ake mantawa a ɗakunan gwaji: tururin gam, man shafawa da wasu robobi a cikin rufaffen akwati. Haske, musamman mai gajeren zango, yana gasa wannan tururi a kan rufi daidai inda yake bi. Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Aeolus, da aka harba a 2018 da leza mai nanomita 355, sai da aka tanadar masa 'yar iskar oksijin da ake saki a kan gilasansa don hana wannan datti taruwa.

Na ga ana rubuta hanyoyin yin rufi daban-daban, farashinsu ma ya bambanta. Mafi tsada shi ne mafi juriya? — Malamin kwalejin fasaha, Katsina

Ba koyaushe ba, Malam. Tsohuwar hanya ita ce a narkar da sinadari da harbin lantarki, tururinsa ya hau ya kwanta a kan gilashi. Rufinta yana da ƙananan ƙofofi da ke shan danshi, halinsa ya ɗan sauya da yanayi, amma yana jure harbin nanosakan sosai kuma ana iya yi wa manyan gilasai. Ɗaya hanyar kuma a riƙa dukan sinadarin da harbin ayon, wato ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki, ƙwayoyinsa su fantsama su danƙare. Wannan rufin ya fi tauri da santsi, ya fi ƙarancin shan haske, shi ya sa ya dace da leza mai kwarara ba tsayawa. Madubin na'urar LIGO ta Amurka mai gano girgizar sararin samaniya, da aka yi wa rufi a Lyon ta Faransa, ta wannan hanya aka yi su, abin da suke sha bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba.

Cibiyar bincike ta NIF da ke Livermore a Kalifoniya, mai layukan hasken leza guda 192, wadda a ranar 5 ga Disamba 2022 ta zuba megajul 2.05 ta samu 3.15 daga haɗewar ƙwayoyin zarra, da tsohuwar hanyar aka yi manyan madubanta na hafniya da silika. Babban abin da suka yi fama da shi shi ne ƙulli. Wani ɗan tsaki mai girman maikromita ɗaya ko makamancin haka yakan fantsamo daga tukunyar narkarwa ya faɗa kan gilashi, hawaye su yi ta taruwa a kansa har ya zama ɗan tudu. Tudun yana tattara haske cikin kansa, ya yi zafi, ya yi tsalle ya fita ya bar rami. Sun rage shi ta hanyar narkar da ƙarfen hafniyom a cikin oksijin maimakon hafniya, domin ƙarfen bai cika tofi ba. Sannan suna bin madubi da haske mai rauni suna ƙarawa sannu a hankali, ƙullayen su fita a tsanake su bar rami mai santsi wanda ba ya girma.

Gilasan NIF da haske ke ratsawa kuwa, rufin silika mai ƙofofi suke yi musu daga ruwa, ta tsomawa ko juyawa. Yana daga cikin mafi juriya ga haske, amma yatsa ma na goge shi, kuma yana zuƙar tururin mai daga iska. Juriyar haske daban, juriyar hannu daban. Mai saye ya fara sanin wanne ne zai fi kashe masa kaya.

Lens ɗin CO2 ya narke a cikin inji, wani wari ya fito. Akwai haɗari? — Mai shago, Gusau

Akwai, Malam, kuma a ɗauke shi da muhimmanci. Zinc selenide da ya ƙone yana fitar da hayaƙin seleniyom mai guba. Wasu lens kuma, musamman tsoffin samfura, akwai thorium fluoride a rufinsu, wanda ke fitar da raunanan tururin nukiliya. A lens mai lafiya ba abin tsoro ba ne, illar tana cikin shaƙar garinsa ko haɗiye shi.

A kashe leza, a bar fankar zuƙe hayaƙi tana aiki, kowa ya fita kamar rabin awa, ƙofofi a buɗe. Mai kwashewa ya sa safar hannu da takunkumi mai tace ƙura. A tattara gutsattsarin da jiƙaƙƙiyar takarda, ba da tsintsiya ko iska ba, a goge cikin bututun lens da madubi na uku, a zuba komai har da safar a leda biyu a ɗaure a rubuta abin da ke ciki. Kada a ƙona, kada a jefa a kwata ko bola inda yara za su tsinta don kyan launinsa, kada kuma asid ya taɓa shi, domin haɗuwarsu na fitar da iska mai tsananin guba. A tambayi dillalin injin ko yana karɓar irinsa. Wanda ya shaƙi hayaƙin kuma ya ji tari, zafin ido ko ƙuncin ƙirji, ya tafi asibiti ya faɗa wa likita sunan sinadarin.